Daga Dajin Birnin Gwari Zuwa Allon Abuja: Tarihin Tafiyar Sakamakon Zaɓe

Duk wanda ya taɓa wuni a rumfar zaɓe ya san jefa ƙuri'a shi ne mafi sauƙin aikin ranar. Da an gama jefawa, malamin zaɓe zai zazzage akwati a gaban kowa, jama'a su riƙa taya shi ƙirga da babbar murya, ɗaya, biyu, uku, har a kai ta ƙarshe. Sai ya cike takardar da ake kira EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna sakamako a bango. Zuwa nan babu mai ja, don da idonmu muka gani. Zullumi yana farawa ne daga lokacin da aka naɗe takardar, aka sa ta a jaka, aka tayar da babur.

A ƙasar Birnin Gwari tafiyar takardar nan doguwa ce. Ƙaramar hukumarmu ta haura murabba'in kilomita dubu shida, tana iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, kuma ƙidayar 2006 ta ba mu mutum 252,363 da ke warwatse a mazaɓu goma sha ɗaya. Daga Randagi da Kakangi a yamma zuwa Kuyello da Kutemeshi a gabas, akwai ƙauyukan da ba a isa gare su sai an ratsa daji. A cikin ƙasar ne gandun Kamuku yake, wanda hukumar En'e ta keɓe tun 1936, ya zama gandun dajin tarayya a 1999, daga baya kuma ya zama mafakar masu bindiga. Takardar da ta bar rumfa za ta je cibiyar mazaɓa, daga can ta zo cikin gari, sannan ta kama hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku, kafin alƙalumanta su isa Abuja. A kowane zango wani ne zai kwafe lambobin zuwa sabuwar takarda da hannunsa. Mun daɗe da sanin cewa a irin wannan kwafe-kwafe ne 17 take wayar gari ta zama 170.

Wannan rubutu tarihin ƙoƙarin da aka yi ne na gajarta wannan tafiya, da yadda ƙoƙarin ya ci tuntuɓe a daren 25 ga Fabrairu, 2023, lokacin da aka ɗora wa wata manhajar intanet kayan da ba ta taɓa ɗauka ba.

Yadda kayan suka yi ta ƙaruwa

A zaɓen tarayya na 1959, wanda ya share fagen samun 'yancin kai, masu rajista a Nijeriya duka kimanin miliyan tara ne. A Arewa maza kaɗai ke jefa ƙuri'a. Iyayenmu mata ba su samu wannan dama ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, suka kuma shiga babban zaɓen 1979, inda rajista ta haura miliyan 48. Zuwa 2023 ta kai 93,469,008. Wato a cikin shekara sittin da huɗu kayan sun ninka sau goma, hanyar ɗaukarsu kuwa tana nan yadda take: takarda da biro da mota.

Tunanin nuna wa jama'a sakamako tun kafin a kammala haɗa shi ba a zamanin intanet ya fara ba. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta kafa babban allo a hedikwatarta da ke Abuja, tana rubuta sakamakon kowace jiha da zarar ya tabbata. An bayyana na jihohi 14 kafin umarnin kotu ya tsayar da aikin, sannan gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen a ranar 23 ga Yuni. Amma abin da aka riga aka gani ya ganu. Har yau babu mai musun cewa Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano, jihar Tofan. Allon nan ya koya mana cewa sakamakon da ido da yawa suka gani yana da wuyar ɓatarwa. Sai dai allo ɗaya ne a gari ɗaya, kuma jimillar jihohi yake nunawa. Abin da ya faru da takarda tsakanin ƙauye da Kaduna bai shafe shi ba.

A 1996 aka tsayar da rumfunan zaɓe kusan dubu 120, aka yi shekara ashirin da biyar ba a ƙara ko ɗaya ba, alhali garuruwa na ta faɗaɗa. Farfesa Attahiru Jega ya yi yunƙurin ƙara dubu 30 a 2014, rigima ta tashi kan yadda aka raba su tsakanin Kudu da Arewa, aka jingine maganar. Sai a Yunin 2021 hukumar Farfesa Mahmood Yakubu ta ƙara 56,872, jimilla ta zama 176,846. Jihar Kaduna ta tashi da 8,012. Layi ya ragu, tsofaffi sun samu sauƙi, amma kowace sabuwar rumfa sabuwar takarda ce da za a kai gida lafiya.

Ita ma takardar ta taɓa tsayar da ƙasa cak. A ranar 2 ga Afrilu, 2011, jama'a na kan layi Jega ya fito ya ɗage zaɓen 'yan majalisa saboda takardun rubuta sakamako ba su iso ba. Makonni biyu bayan haka aka yi na shugaban ƙasa, tarzoma ta biyo baya, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa goma sha biyu, kuma jiharmu ce ta fi kowace asara. Mu a Kaduna ba ma ɗaukar shakku kan sakamakon zaɓe a matsayin gardamar teburin mai shayi. Mun ga abin da yake haifarwa.

Shigowar na'ura

A 2015 aka kawo na'urar karanta katin zaɓe, wadda ta ƙi gane yatsun Shugaba Jonathan kansa a Otuoke ranar 28 ga Maris. Ta rage aringizon ƙuri'a a rumfa, amma ba ta taɓa tafiyar takarda ba. A 2019 aka kwashe watanni a kotu ana jayayya kan saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da adana bayanai: Atiku Abubakar ya ce hukumar zaɓe na da wadda aka tura wa sakamako, hukuma ta ce babu. Daga wannan taƙaddama aka fahimci cewa saba da ke ɓoye ba ta da amfani ga amana, sai in kowa zai iya leƙa abin da ke cikinta.

Haka aka haifi shafin IReV. Dabararsa mai sauƙi ce: malamin zaɓe ya ɗauki hoton EC8A bayan an sa hannu, ya tura ta intanet, duk mai waya ya buɗe ya gani. Allon Nwosu ne ya dawo, amma yanzu kowace rumfa na da gurbinta a jikinsa, kuma yana cikin aljihun kowa. An fara gwada shi a zaɓen cike gurbi na Nasarawa ta Tsakiya ranar 8 ga Agusta, 2020. Ya yi aiki a zaɓen gwamnan Edo da na Ondo a shekarar, da na Anambra a Nuwamban 2021 inda aka haɗa shi da sabuwar na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska, sannan Ekiti a Yunin 2022 da Osun a Yuli. Kafin babban zaɓe ya ɗauki sakamakon zaɓuka sama da ɗari. Hukuma ta yi ta alkawari, mu kuma muka yarda, don mun ga alama.

Wani abu ɗaya ya haɗa duk waɗannan zaɓuka, wanda ba mu lura da shi ba a lokacin: kowanne a cikin jiha ɗaya aka yi shi. Za mu dawo kan wannan.

Muhawarar sabis, da watanni biyu na shiru

Kafin nan an yi wata muhawara da ta shafe mu kai tsaye. A Yulin 2021, majalisar dattawa na duba sabuwar dokar zaɓe, Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na Neja ta Arewa, maƙwabtanmu, ya kawo gyaran da ya ce kada a tura sakamako ta na'ura sai hukumar sadarwa NCC ta tabbatar akwai wadataccen sabis. Sanatoci 52 suka goyi baya, 28 suka ƙi. Jami'an NCC suka shaida wa majalisar wakilai cewa binciken da suka yi a 2018 ya nuna kusan rabin rumfuna ne kawai ke samun sabis na 3G. 'Yan jarida da ƙungiyoyi suka ce fakewa da guzuma ce don a harbi karsana, kuma da alama akwai masu wannan niyya. Majalisa ta janye gyaran a Oktoba, Shugaba Buhari ya sa wa dokar hannu ranar 25 ga Fabrairu, 2022, shekara guda cif kafin zaɓe.

Amma ko da niyyar wasu ba ta da kyau, maganar sabis gaskiya ce, mu ne shaida. Tun kafin a yi muhawarar, a ƙauyukanmu da yawa kowa ya san tudun da ake hawa ko bishiyar da ake tsayawa a gindinta idan ana son kira ya shiga. Ƙarfen sabis na buƙatar man dizal da mai gadi da injiniya mai zuwa duba shi, kuma duk ukun sun yi wuya a hanyar da ake tare motoci da rana tsaka. Sannan a ranar 30 ga Satumba, 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha, aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, kamar yadda aka yi a Zamfara a farkon watan. An hana hawa babur, an dakatar da kasuwannin mako. Ba a maido da sabis ba sai ƙarshen Nuwamba. A watan Satumban nan dai aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na jiha da na'urar jefa ƙuri'a, abin da Kaduna ta riga kowace jiha farawa a 2018, amma aka ɗage namu saboda tsaro. A 2022 kuma ƙungiyar ci gaban masarauta, BEPU, ta sanar cewa 'yan Ansaru sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan gabashin ƙasar.

Ma'anar wannan ita ce, inda hoton takarda ya fi amfani nan ne ya fi wuyar fita. A cikin garin Kaduna akwai 'yan jarida da masu sa ido da wakilan jam'iyyu masu mota da za su bi takarda ƙafa da ƙafa. A bakin Kamuku babu mai bin ta sai Allah. Masu tsara BVAS sun yi tunanin wannan: idan babu sabis, na'urar za ta riƙe hoton, ta tura shi da zarar an iso inda akwai. Dabara ce mai kyau, matuƙar dai wanda ake tura wa a shirye yake ya karɓa.

Darasin mai injin niƙa

Don mu gane abin da ake nufi da manhaja mai iya ɗaukar ƙaruwar jama'a, mu tuna da injin niƙa na unguwa. A ranakun da aka saba, mai inji ɗaya ya isa. Jajiberin sallah kuwa kowane gida ya aiko da kwano a lokaci guda. Mai inji na da hanyoyi kaɗan.

Yana iya sayo inji mafi girma. Wannan na taimakawa, amma girman inji na da iyaka, kuma ranar da bel ɗinsa ya tsinke unguwa duka ta kwana ba tuwo. Yana iya jera ƙananan injuna da yawa, ya sa yaro a bakin ƙofa yana nuna wa kowane kwano injin da ba shi da layi. Idan ɗaya ya lalace sauran na aiki, idan jama'a sun ƙaru a ƙaro wani. Haka manyan shafukan intanet suke yi: saba da yawa, da mai raba musu kaya a gaba. Kamfanoni irin su Amazon, wanda a kan na'urorinsa aka ɗora IReV, suna bayar da hayar saba ta yadda adadinsu zai ƙaru da kansa idan kaya sun yi yawa, ya ragu idan an watse.

Akwai kuma dabarar da matan unguwa suka riga injiniyoyi ganowa: jera kwanuka. Yarinya ta ajiye kwanonta a layi ta koma gida, kwanon ya riƙe mata wuri. Manhaja mai kyau haka take yi da abin da aka turo mata. Ta fara karɓa ta adana, ta ce ya iso, sannan ta bi layi tana sarrafawa gwargwadon ƙarfinta. Abin da ba a so shi ne ta mayar da mai kawowa da kayansa don kawai ba ta shirya niƙawa ba.

Sai raba ƙofa. Masu kawo hoto dubbai ne, masu leƙowa su gani miliyoyi ne, kowa na danna waya yana sake dannawa. Idan ƙofa ɗaya suke bi, 'yan kallo za su toshe wa masu kaya hanya. Don haka ake kwafe abin da aka riga aka karɓa a baza shi a wurare da yawa kusa da masu kallo, kamar yadda ake manna sanarwa a bangon kowace unguwa maimakon kowa ya je ofis ya tambaya.

Na ƙarshe shi ne gwaji. Ba ranar sallah ake gwada sabon inji ba. Ana ƙirƙiro kayan ƙarya da suka fi waɗanda ake tsammani yawa, a antaya wa manhaja har ta durƙusa, don a ga inda za ta fara karyewa. Kuma dole kayan gwajin su yi kama da na gaske a siffa, ba a yawa kaɗai ba.

Mu duba lissafin. Zaɓen Osun, gwaji babba na ƙarshe, rumfuna 3,763 ne, takarda ɗaya kowace. A ranar 25 ga Fabrairu, 2023, rumfuna 176,606 ne ke da masu zaɓe, kowace da takarda uku: shugaban ƙasa, sanata, ɗan majalisar wakilai. Hotuna sama da dubu 529 ke nan, ninkin Osun sau 140, kuma yawancinsu za su taso ne a cikin 'yan sa'o'i tsakanin la'asar da isha. Gwajin da hukuma ta yi a bainar jama'a ranar 4 ga Fabrairu na tantance masu zaɓe ne, a rumfuna 436. A daidai wannan wata kuma muna ganin gargaɗi da idonmu: canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna suka riƙa sarƙewa, mutum ya tura kuɗi a cire masa ba su isa ba. Wanda ya yi layi a wurin mai POS a watan ya san abin da ke faruwa idan ƙasa duka ta afka wa ƙofa ɗaya.

Takardar da ba ta da jiha

Da yammacin ranar Asabar ɗin, malaman zaɓe, yawancinsu matasa masu yi wa ƙasa hidima, suka fara turawa. Hoton sanata ya shiga. Na ɗan majalisar wakilai ya shiga. Na shugaban ƙasa ya ƙi. Daga Legas har Sakkwato labarin ɗaya ne. Washegari kakakin hukuma Festus Okoye ya fitar da sanarwa cewa tangarɗa ce ta faɗaɗa shafin daga mai kula da zaɓen jiha guda zuwa mai kula da zaɓen ƙasa baki ɗaya, kuma ba kutse aka yi ba. Mutane da yawa suka ɗauka saba ce ta gaza saboda yawan kaya. Amma tambaya ta tsaya: in yawa ne, me ya sa takarda biyu suka wuce, ta ukun da aka turo daga na'ura ɗaya a wuri ɗaya ta maƙale? A kotu ma wata shaida da jam'iyyar Labour ta gabatar ta ce na'urorin Amazon ba su samu matsala a ranar ba.

Sai bayan shekara guda, a rahoton da hukumar ta fitar a Fabrairun 2024, aka samu cikakken bayaninta. An gina manhajar ne ta riƙa ajiye kowane hoto a ma'ajiyar da ke ƙarƙashin jiharsa. Idan hoto ya iso, sai ta tambaya: wannan zaɓen na wace jiha ne? Sanatan Kaduna ta Tsakiya na Kaduna ne. Ɗan majalisar Birnin Gwari da Giwa na Kaduna ne. Shugaban ƙasa fa? Ba na kowace jiha ba ne. Manhaja ta nemi inda za ta ajiye ta rasa, sai ta mayar da hoton da saƙon kuskure. Kamar mai inji ne da ya saba jera kwanuka unguwa-unguwa, rannan aka kawo na gidan sarki wanda gari duka zai ci, ya tsaya yana tambayar na wace unguwa ne, layi ya tsaya a bayansa.

A cewar rahoton, an yi gyare-gyaren gaggawa har huɗu, hoton farko na zaɓen shugaban ƙasa ya shiga da ƙarfe 8:55 na dare. Amma kafin nan malaman zaɓe da yawa sun bar rumfuna, wasu sun kashe na'ura, wasu sun fita daga inda ake samun sabis. Sai da aka riƙa bin su ana cewa su kunna su nemi intanet, hotunan da suka taru kuma suka yi cunkoso. Duk wanda ya san ƙasarmu ya san babu malamin zaɓen da zai zauna a bakin daji har tara na dare yana jiran Abuja ta gyara kuskurenta. Kuskuren minti ɗaya a tsakiya yakan zama jinkirin kwanaki a gefe.

Akwai waɗanda har gobe ba su yarda da wannan bayani ba, suna ganin da gangan aka rufe ƙofar. Ba mu da hanyar shiga zuciyar kowa. Amma ko mun karɓi bayanin hukuma yadda ta faɗe shi, laifin bai ragu ba, don yana nufin ba a taɓa tura wa manhajar takardar shugaban ƙasa ko ɗaya ta hanyar da za a bi ranar zaɓe ba, in da an yi da an gani. Zaɓuka ɗari da ta ci duk siffarsu ɗaya, shi ya sa nasararsu ta zama abin da ya rufe ido. Girma yakan zo da yawa, yakan kuma zo da sabon abu wanda ƙaramin tsari bai taɓa cin karo da shi ba, kuma wannan na biyun shi ya fi kayar da gwani.

Abin da ya biyo baya mun sani. Wakilan PDP da Labour suka fice daga zauren tattara sakamako ranar 27 ga wata. Da asubahin 1 ga Maris aka bayyana Bola Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku na da 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687, alhali hotuna masu yawa ba su hau shafi ba tukuna. A zaɓen gwamnoni na 18 ga Maris shafin ya yi aiki fiye da na farko nesa ba kusa ba, abin da bai ba da mamaki ba tunda kowane gwamna na da jiha. Ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta yanke cewa IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba, don haka gazawarsa ba ta rushe zaɓe. A idon dokar da aka yi zaɓen 2023 da ita, takardar da ke kan babur ita ce sakamako, hoto shaida ne kawai. To amma shaidar da ba ta halarci zaman ba sai bayan an yanke hukunci, me ta tsare?

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan ciwo ba na Nijeriya kaɗai ba ne. A Amurka, shafin inshorar lafiya na gwamnatin Obama ya durƙushe ranar da aka buɗe shi, 1 ga Oktoba, 2013, har bayanan cikin gida suka nuna mutum shida kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Kenya. A 2013 tsarinta na tura sakamako ya tsaya ana tsakiyar ƙirga, aka koma takarda. A 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓen shugaban ƙasa saboda yadda aka tura sakamako. A Agustan 2022 kuwa hotunan takardun rumfuna sama da dubu 46 suka hau shafin hukumarsu, kusan duka a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, gidajen jarida da jam'iyyu suka sauke suna haɗa nasu lissafin. An yi rigima duk da haka, amma rigima ce a kan takardun da kowa ke riƙe da su, kotu kuma ta tabbatar da zaɓen. Sun faɗi sau biyu kafin su iya. Mu mun faɗi sau ɗaya.

Kafin a sake naɗe takarda

A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, bayan sulhun da aka yi da wasu 'yan bindiga. Manyan motoci sun dawo ɗaukar shanu da hatsi, manoma sun koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Ko sulhun zai ɗore, Allah ne masani. Idan ya ɗore, mutanen da suka yi gudun hijira za su koma ƙauyukansu, rumfunan da suka zama kufai za su sake cika, takardun da za su fito daga daji a 2027 za su fi na 2023 yawa.

Don haka muna da abin tambayar hukumar zaɓe, wadda Farfesa Joash Amupitan ya karɓi shugabancinta a Oktoban 2025, kuma ba sai mun iya rubuta manhaja za mu tambaya ba. Shin an gwada shafin da kowane irin zaɓe da za a yi a ranar, har da wanda ba shi da jiha, da kaya fiye da rabin miliyan a lokaci guda, an kuma bayyana wa jama'a abin da gwajin ya nuna? Idan manhaja ta rasa inda za ta ajiye hoto, za ta karɓa ta adana tukuna, ko za ta sake mayar da shi? An kai na'ura Kuyello da Dogon Dawa da Randagi an auna daga ina hoto ke iya fita, don malamin zaɓe ya san tudun da zai hau tun rana ba ta faɗi ba? Idan abu ya lalace, wa zai fito a cikin sa'a guda ya faɗa mana abin da ya lalace, maimakon mu jira shekara?

Namu aikin kuma bai canza ba tun zamanin kakanni: mu tsaya a ƙirga a gabanmu, mu ga an sa hannu, mu ga an manna a bango. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu kusan kowace rumfa akwai mai waya. Kowa ya ɗauki hoton abin da aka manna kafin a tayar da babur. Ko babu sabis a wurin, hoton zai zauna a waya har a iso gari.